Shekara biyu ina shan maganin olsa, amma ciwon ciki bai rabu da ni ba

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki, da waɗanda Allah Ya ba su ilimin abin. Yau kusan shekara biyu ke nan ina fama da ciwon da aka ce mini olsa ce. Zafi nake ji a ƙasan ƙirji, daidai inda haƙarƙari suka rabu, kamar an ajiye mini garwashi, musamman da tsakar dare ko idan yunwa ta kama ni, sannan ga kumburin ciki da yawan gyatsa da ƙwannafi. A watannin nan kuma abin ya gangara hanji, domin sai in yi kwana biyu ko uku ina gudawa, daga nan kuma bayan gida ya ɗaure. Ina shan omeprazole da farin maganin nan na ruwa, ina samun sauƙi, amma da zarar na daina da mako guda sai ciwon ya dawo. Na bar yaji, na bar tsami, na bar wake da duk abin da aka soya, har ta kai abincina bai wuce kunu da farar shinkafa ba, kuma na rame sosai. Shin wannan ciwon ana rabuwa da shi, ko kuwa haƙuri ake yi da shi har ƙarshen rayuwa? Kuma me ya kamata in riƙa ci?

Hajiya_Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni ma na daɗe da wannan ciwon. Abin da nake yi shi ne, ba na barin cikina babu komai, kuma idan zafin ya taso da dare sai in sha madara mai ɗumi ko nono, wani lokaci kuma in jiƙa 'yar kanwa in sha, nan take sai ya kwanta. Ki gwada, iyayenmu da shi suka rayu.

Abu_Safwan:
Allah Ya ƙara sauƙi. Tambayar da zan yi miki ita ce, a cikin shekara biyun nan an taɓa yi miki gwajin ƙwayar cutar da ake kira H. pylori? Na tambaya ne saboda ni shekara huɗu na yi ina yawo da omeprazole a aljihun riga kamar goro, kuma duk wanda na gaya wa sai ya ce yunwa ce ko yawan tunani. Sai da wani likita ya tura ni gwajin bayan gida aka ga ƙwayar, ya rubuta mini magunguna uku da zan sha tare har kwana 14, wato omeprazole da amoxicillin da clarithromycin, safe da yamma. Ban ji daɗin kwanakin nan ba, domin bakina ya yi ɗaci kamar na tsotsi ƙarfe, amma na daure na ƙarasa. Yanzu shekara uku ke nan ina cin tuwo da miyar kuka mai yaji ba tare da na tashi da dare ba.

Maman_Hanifa:
Malam Abu Safwan, an taɓa ɗibar jinina a wani ɗakin gwaji aka ce ina da ita, aka ba ni magani na mako guda. Gaskiya ban ƙarasa ba, domin a kwana na huɗu tashin zuciya ya dame ni, kuma na ga zafin ya lafa, sai na ajiye sauran.

Nas_Bilki:
'Yar'uwa Maman Hanifa, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a cikin bayaninki akwai abin da ya fi tsaya mini a rai fiye da batun abinci, wato ramar da kika ambata. Mai yiwuwa ne ramar ta fito daga takura wa kai da kika yi, tunda kunu da farar shinkafa ba za su riƙe jikin mace mai hidimar gida ba, amma likita ne kaɗai zai tabbatar da hakan bayan ya duba ki. Akwai alamomin da idan mai ciwon ciki ya gan su ba a tsayawa neman shawara a waya: bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi da wari kamar kwalta, aman jini ko amai mai kama da garin kofi, abinci ya riƙa tsayawa a maƙogwaro, amai mai yawa da ba ya tsayawa, rama ba tare da dalili ba, da ƙarancin jini wanda ake gane shi da jiri da haki da farin ido. Duk wanda ke da ɗaya daga cikinsu, ko ciwon ya fara masa bayan ya manyanta, ana so a leƙa cikinsa da na'urar endoskofi, wato siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki a ga tumbi ido da ido. Ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kuma aikin kansa na 'yan mintuna ne.

Game da abin da Hajiya ta faɗa, ina ba ta haƙuri, amma ba zan iya yin shiru ba. Madara tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, sai dai bayan haka tana sa tumbi ya ƙara zubo ruwan tsamin da ke narka abinci, shi ya sa mutum zai sha da ƙarfe goma ya sake tashi da ƙarfe biyu. Kanwa kuwa gishiri ce mai ƙarfi, tana kashe tsamin nan take, amma yawan shan ta hatsari ne ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu, kuma babu wanda ya san adadin da yake sha.

Hajiya_Gwammaja:
Babu komai 'yata Bilki, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni ina da hawan jini kuwa, kuma ban taɓa gaya wa likitana ina shan kanwa ba. In sha Allahu zan faɗa masa ranar da zan koma.

Mai_Harhada_Magani:
Ina so in tsaya a kan amsar da Maman Hanifa ta ba Malam Abu Safwan, domin a ganina a nan matsalar take. Gwajin jini yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, ba ya bambance wadda take nan da wadda ta riga ta mutu, kuma yana iya ci gaba da nuna ta shekaru bayan an warke. Gwajin da ke nuna tana nan a yanzu shi ne na bayan gida, ko na numfashi, ko kuma ɗan naman da ake tsinkowa lokacin endoskofi. Kuma akwai sharaɗi wanda mutane da yawa ba a gaya musu: sai an dakatar da omeprazole da danginsa na mako biyu, an kuma yi mako huɗu ba a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, kafin a yi gwajin, in ba haka ba sakamakon zai iya fitowa babu alhali akwai.

Maganin da aka sha kwana huɗu aka ajiye kuwa ya fi rashin sha illa ta wani ɓangaren, saboda raunanan ƙwayoyin ne suke mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Wannan ƙwayar ta riga ta saba da metronidazole, wato Flagyl, a wurare da yawa, domin kowa cikinsa ya murɗa sai ya saya ya sha, kuma tana ƙara sabawa da clarithromycin. Shi ya sa idan zagaye na farko bai yi ba, likita ba ya maimaita shi, yakan canja zuwa haɗin magani huɗu mai ɗauke da bismuth da tetracycline na kwana 10 zuwa 14. Don Allah kada wani ya kwafi sunayen nan ya tafi kemis ya haɗa wa kansa, domin tetracycline ba ya dacewa da mai juna biyu, amoxicillin kuma akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar sa ko kaɗan. Bayan an gama da aƙalla mako huɗu ana sake gwaji a tabbatar ta mutu, kuma wannan matakin ne kusan kowa yake tsallakewa.

Direban_Tirela:
Ni ba ni da ilimin likita, amma ina da abin da ya faru da ni. Ina ɗaukar kaya daga Kano zuwa Legas, kuma saboda ciwon baya da gajiya kullum sai na sha maganin ciwon jiki, diclofenac ko ibuprofen, wani lokaci ma haɗin da masu talla ke ƙullawa a leda, guda biyar ko shida launi daban-daban, in kora da shayi mai kauri ba tare da na ci komai ba. Wata rana da asuba a hanya na zagaya, sai na ga bayan gidana baƙi kamar an zuba baƙin mai, na miƙe jiri ya kwashe ni, yaron motata ne ya tare ni. Leda biyu ta jini aka ƙara mini. Likitan ya ce magungunan nan ne suka cinye bangon cikina har ya fashe da jini. Tun daga ranar paracetamol kawai nake sha idan jiki ya matsa. Saboda haka Maman Hanifa, ki duba ko kina shan irin waɗannan, ko don ciwon kai ko ciwon mara, domin mutum yana iya shan maganin olsa da hannun dama yana ɓata shi da hannun hagu.

Maman_Hanifa:
Innalillahi, sannu Malam Direba, Allah Ya kiyaye gaba. Wallahi duk wata ina shan ibuprofen kwana uku ko huɗu saboda ciwon mara, kuma ban taɓa kawo wa raina yana da alaƙa da wannan ba. Babu wanda ya taɓa tambayata.

Dalibin_Likitanci:
Abin da Malam Direba ya faɗa daidai yake da abin da ake koya mana. Manyan dalilan gyambon ciki guda biyu ne, ƙwayar H. pylori da magungunan ciwon jiki irin su aspirin da ibuprofen da diclofenac da piroxicam, waɗanda ke rage majinar da ke lulluɓe bangon tumbi tana kare shi daga tsaminsa. Yunwa da yaji da damuwa suna tayar da zafin, amma ba su ne tushen gyambon ba a mafi yawan mutane. Likitocin duniya ma sun daɗe suna ɗora laifin a kan damuwa da abinci, sai a 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, kuma cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura. An ba su kyautar Nobel a 2005. Ana yawan kamuwa da ita tun ana yara, ta ruwa ko abinci marar tsabta da cuɗanyar gida, kuma akasarin masu ɗauke da ita ba sa jin komai. Tun 1994 hukumar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da ke haddasa kansar tumbi. Kaɗan ne daga masu ita ke kaiwa can, amma dalili ne na a kashe ta idan an gan ta.

Baban_Sadiq:
Ni ban gamsu da cewa komai ƙwayar cuta ba ce. An yi mini gwajin bayan gida sau biyu, an leƙa cikina, aka ce babu gyambo babu ƙwaya, amma har yau idan kasuwa ta tsaya ko kuɗin makarantar yara ya matso sai cikina ya ɗauki zafi. Don haka a daina raina batun damuwa.

Dalibin_Likitanci:
Baba, ban raina ba, kuma ina neman afuwa idan maganata ta yi kama da haka. Abin da kake bayani sananne ne, akwai mutane da yawa da za a leƙa cikinsu a ga lafiya lau amma zafin da suke ji na gaske ne, saboda jijiyoyin ciki da ƙwaƙwalwa a haɗe suke, kuma rashin barci da damuwa suna ƙara wa cikin saurin jin ciwo. Abin da nake nufi shi ne kada a ce wa mutum damuwa ce kafin a bincika, kamar yadda kai aka bincika maka.

Ummu_Khalil:
Kowa ya tsaya a kan tumbi, an manta ta ce hanji ma ya shiga. Ni nawa ya faro ne bayan wata gudawa mai tsanani da na yi da damina, da na sha ruwan wani biki. Gudawar ta tsaya cikin mako guda, amma na yi kusan wata shida cikina bai koma daidai ba, kullum ƙugi da iska, kuma da na sha fura da nono ko shayi mai madara sai in nemi banɗaki. Likita ta bayyana mini cewa bayan hanji ya yi kumburi yakan ɗauki lokaci kafin ya koma narka madara yadda ya saba, wasu kuma hanjin nasu yakan zama mai saurin motsi na tsawon watanni. Ta sa na sayi ɗan littafi ina rubuta abin da na ci da abin da ya biyo baya, kuma ta hana ni barin abinci goma a lokaci guda, ta ce in cire ɗaya na mako biyu in gani, idan babu bambanci in mayar da shi. A haka na gane madara da lemon kwalba da albasa ɗanya ne ke tayar mini, amma wake da alale da na daɗe ina gudu ba su yi mini komai idan na ci kaɗan. Maman Hanifa, ki dawo da ƙwai da kifi da miyar kuɓewa da dankali da ayaba, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana, kada ki kwanta sai kin ba abincin dare awa biyu zuwa uku.

Dan_Maradi:
Ina goyon bayan Ummu Khalil, kuma zan ƙara da cewa gudawar da ke zuwa tana komawa tana bukatar a kai bayan gida a duba shi, domin atuni da tsutsar ciki da wasu ƙananan halittu na ruwa suna iya zama a hanji wata da watanni. A gidanmu sai da muka fara tafasa ruwan sha muka rufe randa muka ware mata moɗa guda kafin yara suka huta. Kuma duk ranar da gudawa ta kama ki, ki riƙa shan ruwan gishiri da sukari, na leda da ake sayarwa ya fi, in babu shi a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda ta tsabtataccen ruwa.

Abu_Safwan:
A kan wannan ina da ƙorafi. Duk lokacin da na je da ciwon ciki a shekarun baya sai a yi mini gwajin Widal a ce taifot ce, in sha magani, bayan wata biyu a sake cewa taifot ce. Sau biyar aka yi mini haka.

Nas_Bilki:
Malam Abu Safwan, wannan abu yana damun mu ma. Gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, yakan nuna akwai ga wanda ya taɓa yin ta a da ko yake da wani zazzaɓin daban, kuma taifot ciwo ne mai zazzaɓi na kwanaki, ba zafin ciki na shekara biyu ba. Yawan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta babu dalili shi kansa yana rikita hanji ya kawo gudawa. Sannan akwai wani kumburin hanji mai daɗewa wanda garkuwar jiki ce ke yaƙar hanjin, wanda ake gane shi da gudawa mai jini da majina fiye da wata guda, da tashi bayan gida da tsakar dare, da rama. Sau da yawa ana ɗaukar sa a matsayin basir ko atuni a yi ta shan jiƙo, alhali sai an leƙa babban hanji ta ƙasa ake gane shi, kuma tarin fuka ma yana iya kama hanji ya yi kama da shi. Ban ce shi ne da ke ba 'yar'uwa, amma ki gaya wa likita komai har launin bayan gidanki, kada kunya ta hana ki. Ki kuma sani cewa ƙwayar ƙarin jini da bismuth suna baƙanta bayan gida ba tare da jini ba, don haka ki ambaci duk abin da kike sha.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Tunda ana maganar barin ciki babu komai, ina so in tambaya game da azumi, domin mahaifiyata tana da wannan ciwon kuma ba ta yarda ta sha azumi ko guda. Allah Ya yi rangwame ga marar lafiya a Suratul Baƙara cewa ya rama a wasu kwanaki, amma tsofaffinmu suna jin nauyin hakan. Yaya masu ciwon suke yi?

Mai_Harhada_Magani:
Malam, ya danganta da matsayin ciwon. Wanda gyambonsa ke ɗanye, ko bai daɗe da zubar da jini ba kamar Malam Direba, likitoci sukan hana shi azumi har ya warke. Wanda ciwonsa ya lafa kuwa da yawa suna yi lafiya. Omeprazole ya fi aiki idan an sha shi minti 30 zuwa awa guda kafin abinci, don haka ana tashi da wuri a sha kafin sahur, ba bayan an ƙoshi ba. Abin da ya fi wahalar da mutane shi ne buɗa-baki, a haɗa ƙosai da soyayyen dankali da kunun tsamiya da zoɓo mai sanyi a cika ciki lokaci guda. Ta fara da dabino da ruwa da kunu marar tsami, ta yi sallah, sannan ta ci abinci a hankali, ta kuma rage goro da shayi mai kauri. Ku kai ta ta ga likita tun watan Sha'aban, kuma idan ta yi amai mai jini ko jiri ya kama ta, ta karya nan take.

Hajiya_Gwammaja:
Goron nan dai shi ne ban san yadda zan yi da shi ba, shekara arba'in muna tare. Amma na lura ranar da na ci da yawa ƙwannafi ya fi damuna, don haka zan rage.

Baban_Sadiq:
Har yanzu dai ba a amsa mata tambayarta ta farko ba. Ni nawa bai rabu da ni ba, lallaɓa shi nake yi da barci da wuri da tafiyar ƙafa bayan la'asar. Abu Safwan kuma ya ce nasa ya tafi gaba ɗaya. Ina ganin sai an san irin nata kafin a ce mata za ta rabu da shi ko ba za ta rabu ba.

Maman_Hanifa:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Baban Hanifa duk abin da kuka rubuta, kuma mun shirya zuwa asibiti ranar Litinin. Na ajiye ibuprofen, na kuma tattara kwalayen duk magungunan da na sha a leda guda domin likita ya gani, har da ragowar na mako gudan da ban ƙarasa ba. Abin da ban gane ba shi ne, idan zan dakatar da omeprazole mako biyu kafin gwaji, da me zan riƙa kwantar da zafin dare a tsakanin?

Nas_Bilki:
Kada ki dakatar da kanki kafin Litinin, ki bari likita ya tsara miki, domin saboda ramar nan yana iya zaɓar a fara leƙa cikin kafin komai. Idan ya ce a dakatar, farin maganin ruwan da kike da shi ba ya ɓata gwajin, ana iya shan sa a tsakanin, kuma zafin yakan ɗan ƙaru a kwanakin farko ga wanda ya daɗe yana shan omeprazole. Ki tambaye shi kuma abin da za ki riƙa sha don ciwon mara a madadin ibuprofen, ki dawo ki gaya mana yadda kuka yi.